Saƙar Bahaguwa

Ba da son ranta Malama ta je kasuwar masu sana'ar hannu ba. Matar ɗanta ce ta tasa ta a gaba tun da safe, wai zaman ɗaki ya isa haka, wai ko likita ya ce ta riƙa motsa ƙafa. Malama ta ce to likitan ya fito ya motsa tasa a wannan sanyin ta gani. Duk da haka ta zura rigar sanyi, ta naɗe wuya, ta bi bayanta, tana tafe tana mita tun daga ƙofar gida har suka sauka daga mota.

Sau ɗaya a shekara ake cin wannan kasuwa, kwana uku a tsakiyar lokacin sanyi, kuma yau ce ranar ƙarshe. A wani tsohon sito ake yi, bayan tashar jirgin ƙasa, gini mai dogon rufin kwano da tagogi can sama waɗanda rabinsu an toshe da kwali. An jera tebura layi huɗu, an rataya ƙwayayen lantarki a igiya, an ajiye hita nan da can, irin wadda ba ta ɗumama kowa sai wanda ya rungume ta. Kowa ya buɗe baki sai tururi ya fito. Ga amsa-kuwwa: in mutum ya yi tari a wannan ƙarshen, sai tarin ya je wancan ƙarshen ya dawo masa da muryar wani. Tun daga bakin ƙofa Malama ta ji wurin bai kwanta mata ba.

Shekara talatin da biyu ta yi tana koya wa 'yan mata saƙa da ɗinki a makaranta. Ta daɗe da ajiye aiki, amma sunan ya bi ta har gida, 'ya'yan cikinta ma Malama suke ce mata. Allah ya yi mata irin idon nan da in ka shimfiɗa mata sabon bargo, zaren da ya zame za ta fara gani kafin ta ga launinsa. Ba mugunta ba ce, a cewarta. Aiki in za a yi, a yi shi daidai.

Sai dai ba sanyi ne ya sa take gudun taro ba, kuma matar ɗanta ta sani, ta dai ƙi faɗa ne. Auta ce, 'yarta mace ɗaya tal. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta fita da jaka ɗaya, mako guda bayan rasuwar mahaifinta, ba ta ƙara waiwayowa ba. Lambar wayarta ta daina shiga a ranar. Yayanta ya nema har ya gaji, asibitoci, tashoshin mota, gidajen ƙawaye. Wani ya ce ya gan ta a wani gari, wata ta ce ta ji an ce ta yi aure, wani kuma ya kawo labarin haɗarin motar da ba a gane gawarwakin ba. Malama ta rasa sahun da za ta sa ta in ta zo addu'a, na masu rai ko na waɗanda suka riga mu, sai take sa ta a duka biyun. Abu ɗaya take roƙo kafin ta mutu: ta ga Auta ido da ido, ko da sau ɗaya ne, ta faɗa mata wata magana da ta daɗe tana cin ta a ciki.

Kuma tana ganin ta, shi ne abin tsoron. A layin asibiti, a bakin titi, a tagar motar da ta wuce. Sau uku tana dafa kafaɗar 'yar mutane, a juyo mata da baƙuwar fuska. A na ukun har sai da aka zaunar da ita aka ba ta ruwa. Tun daga ranar ta kafa wa kanta doka, in ta ga Auta ta sunkuyar da kai ta wuce.

Matar ɗanta kuwa ruwan ido ya kama ta tun a teburin farko. Ta ɗauki kyandir mai ƙamshi ta ajiye, ta gwada awarwaro, ta shafa jakar fata, ta koma ta sake sunsuna kyandir ɗin.

"Mama, dubi wannan kwanon katakon, don Allah. Da hannu fa aka sassaƙa shi."

"Na gani. Gindinsa a karkace yake."

"Kai, Mama! Mai shi yana jin ki."

"To ya ji mana. Gobe ya gyara."

Mai sassaƙar ya yi yaƙe, ya ɗauki kwanon yana juya shi, ya maida shi can baya. Suka wuce mai zanen fuskoki, wani dogo mai gemu da ya jingine aikinsa da bango, tsofaffi da yara duk sun zuba wa masu wucewa ido. Malama ta kau da kai. Ba ta son fuskar da za ta kalli mutum ba ta ƙifta ido.

Daga nan sai mai madubai. Ya rataya sun fi talatin, manya da ƙanana, kowanne ya ɗebi wani yanki na kasuwar ya riƙe. A cikin wani ƙarami da ke can ƙasa Malama ta ga wata mace ta miƙe zumbur daga bayan wani tebur. Bayanta kawai ta gani, da yadda kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Matar ta ratsa madubi na biyu, ta ratsa na uku da sauri, sai ta ɓace. Gaban Malama ya faɗi, tsigar jikinta ta tashi. Amma ta riƙe dokarta. Ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta ba ita ba ce, kamar yadda ta saba cewa.

"Mama, ki tsaya nan kusa da hita," in ji matar ɗanta. "Bari in koma in ɗauko kyandir ɗin nan, in ba haka ba raina ba zai bar ni in huta ba."

Malama ba mai tsayuwa inda aka ajiye ta ba ce. Ta taka a hankali zuwa kusurwar sito, inda mutane suka ɗan yi sauƙi. Tebura biyu ne a wurin. Ɗaya na wata mai tukwane ce, kakkaurar mace mai faso a yatsu, tana hura hannunta tana doka ƙafa. Ɗayan kuma kayan saƙa ne, huluna da safar hannu da rigunan sanyi na ulu, an ninke su tsaf. Babu kowa a bayansa.

Hannun Malama ya kai kan wata hula tun kafin ta yi shawara da shi. Ta ɗaga ta zuwa wajen haske, ta ja bakinta ta saki, don ta ga inda mai aikin ta yi ha'inci.

Duk wanda ya iya saƙar allura biyu ya san yadda take, madaukai ƙanana a jere, kowanne ya buɗe ƙafa biyu ya zauna a kan na ƙasansa, layi a miƙe. Na wannan hula kuwa kowane madauki ya harɗe ƙafafunsa, tun daga baki har tsakar kai, babu ko ɗaya da ya tsira. Saƙar ta yi tauri, ta ɗan jirkice gefe guda. Haka take fitowa in mai hannun hagu aka koya wa da hannun dama, sai ta riƙa naɗa zare a allura ta baya maimakon ta gaba. Malama ta ga masu hannun hagu da yawa a ajinta, kuma duk ta raba su da wannan kuskure kafin ƙarshen zango. Yarinya ɗaya ce kawai ta gagare ta.

Ta ajiye hular ta ɗauki safar hannu. Haka. Ta ɗauki rigar sanyi, ta juya cikinta. Haka. Sai ta ji amon kasuwar ya ja baya, kamar an toshe mata kunne da auduga.

A bayan teburin akwai kujerar roba. An rataya wata baƙar kwat a bayanta. A ƙasa kofin shayi ne, tururi yana tashi daga cikinsa. A kan kujerar kuma an yar da aikin da ba a gama ba, allurai biyu a jikinsa.

"Sannu, Mama," in ji mai tukwane. "Ki zaɓa, ni zan sayar miki. Mai kayan ta bar min amana."

Malama ta ajiye rigar. "Ina take?"

"Yanzun nan ta tashi, wallahi, kamar wadda aka tsikara. Muna cikin hira, ta ɗaga kai ta dubi can wajen mai madubai, sai na ga ta miƙe. Ta ce in duba mata tebur, ta bi ƙofar baya. Ko kwat ba ta ɗauka ba."

"Yaya sunanta?"

"Mu dai a nan Bahaguwa muke ce mata. Ai kin san 'yan kasuwa, ni ma ba wanda ya san sunana, Mai Tukwane kawai." Ta yi dariya, sannan ta dubi Malama da kyau, dariyar ta tsaya. "Ke 'yar uwarta ce? Goshinku ɗaya."

"Ni na haife ta."

Mai tukwane ta gyara zaman wani tulu da ba abin da ya same shi. "Ikon Allah," ta ce. "Shekara huɗu muna maƙwabtaka a nan. Ta taɓa ce min mahaifinta ya rasu. Zancen uwa kam ban taɓa ji a bakinta ba, sai na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba.

Maganar ta soki Malama, amma wani abu ya fi ta ƙarfi. Tana da rai. Auta tana da rai, tana shan shayi, tana hira da maƙwabciya. Shekara goma sha ɗaya Malama tana ɗauke da gawar da ba ta gani ba, yau aka sauke mata. Ta dafa tebur.

"Lafiyarta ƙalau? Ta rame?"

"Ƙalau take. Sai dai ido, ta ce saƙa ta cinye mata shi, ba ta rabuwa da tabarau. Ga 'yar furfura ta fara leƙowa ta nan gefe."

Tabarau. Furfura. Malama ta yi ƙoƙarin ɗora su a fuskar 'yar shekara ashirin da huɗu da take riƙe da ita a rai, suka ƙi zama.

"Kina da lambarta? Ki ba ni, 'yar nan, don girman Allah."

Mai tukwane ta sunkuyar da kai. "Ina da ita, Mama. Amma ki yi haƙuri, ba zan bayar ba sai ta ce. Ban san abin da ke tsakaninku ba. Ki dai zauna ki jira ta. Ina za ta je a wannan sanyin ba kwat, ga yayyafi an fara? Dole ta dawo."

Ana haka matar ɗanta ta iso da leda a hannu. Bayan tafiyar Auta aka auro ta, a hoto kawai ta san ta. Da ta ji abin da ake ciki ta saki ledar, kyandir ya gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya bi ta kansa. Ta kira mijinta, ya yi tafiya, wayar ba ta shiga ba. Ta ce bari ta zagaya bayan sito da tashar jirgi ta duba.

"Kada ki kira ta da ƙarfi," in ji Malama. "Kada ki kama hannunta. Ki ce mata kawai ina nan, ba zan tashi ba."

Malama ta zagaya bayan teburin. Sai da ta ɗauke aikin da ke kan kujerar kafin ta sami wurin zama, ta ɗora shi a cinya. Kujerar da sauran ɗumi. Ta jingina, kwat ɗin ta taɓa mata ƙeya, wani ƙamshin sabulu da ba ta sani ba ya shiga hancinta. Ta rufe ido ta shaƙa.

Aikin da ke cinyarta 'yar rigar sanyi ce, ja, an gama baya ana tsakiyar gaba. Ƙarama ce, ta ɗan shekara biyar ko shida.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," in ji mai tukwane. "Tun shekaranjiya take fama da ita, ta ce so take ta gama yau."

"Ta wa ce?"

"Ban tambaya ba. Ba ta son tambaya."

Malama ta shimfiɗa tafin hannunta a kan 'yar rigar, ta auna faɗin ƙirjin da yatsu. Zuciyarta ta riga ta raɗa wa mai rigar suna, ta zaunar da shi a cinya.

Daga inda take tana ganin ƙofofi biyu, ta gaba da ta baya. Ta zuba wa ta baya ido, ta fara jera maganar da za ta faɗa. Ta san ta kamar karatun da aka haddace, don ba ranar da ba ta maimaita ta.

A sanyin da mahaifinsu ya kwanta ciwon ajali, kullum cewa yake sanyi ya shige masa ƙashi. Auta ta sayo ulu mai kyau, ruwan toka, ta ce ita za ta saƙa wa Baba riga da hannunta. Wata biyu tana yi, a mota, a wurin aiki, a bakin gadonsa. Shi kuma yana tsokanar ta, wai in ba ta yi sauri ba sai dai ya sa ta da bazara. Saura hannu ɗaya a gama, wata safiya Auta ta tafi aiki ta bar rigar a kan tebur. Malama ta ɗaga ta, ta ga madaukai a harɗe daga wuya har ƙasa. 'Yan dubiya suna ta zuwa, har da tsofaffin ɗalibanta. A ce mijin Malama ne sanye da wannan? Ta ce a ranta kwana huɗu sun ishe ta ta sake saƙa ta daidai, ba wanda zai gane. Ta zare allura, ta ja zare. Da Auta ta dawo da yamma, curin ulu shida ta tarar a kan tebur, an naɗe su tsaf.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tsaya tana kallon su. Mahaifinta bai kai kwana huɗun ba, a na uku ya cika, cikin tsohuwar rigarsa.

Abin da Malama ke so ta ce ke nan: na yi kuskure, saƙarki ba ta da laifi, ni ce mai laifi. Kalmomi kaɗan ne. Ba ta taɓa faɗa wa wani mahaluki irinsu ba, amma ta rantse yau za ta faɗa, ko a gaban duk kasuwar ne.

Wasu mata biyu suka tsaya a teburin. Ɗaya ta ɗauki hula tana nuna wa ƙawarta. "Kin ga wadda nake gaya miki. Tun bara nake sa tawa, iska ba ta ratsa ta, ko kaɗan ba ta saki ba. Ban san yadda take murɗa zaren nan ba." Mai tukwane ta sallame su. Malama ta ji, wani abu mai kama da alfahari ya taso mata, wani mai kama da kunya ya danne shi.

Ƙofar baya ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo. Wani ne da kwali a ka. Ta sake buɗewa. Mai shara. Ta sake buɗewa, ba kowa, iska ce kawai, ƙwayayen lantarkin suka yi lilo a igiyarsu, inuwoyi suka yi gaba suka dawo. Can wani ƙarshen sito wata ta yi dariya, dariyar ta zagayo ta rufi ta sauko da muryar Auta tana yarinya. Malama ta damƙe abin da ke cinyarta.

A nan yatsanta ya ji wani abu. Garin saurin tashi, Auta ta bar allura ta zame daga madaukai biyar na ƙarshe, suna nan a sake, in aka ƙara motsa rigar za su zube su yi tsani har ƙasa. Ko wace mai saƙa ce ta gani sai ta tsince su. Taimako ne. Malama ta zura allura ta ɗauko na farko, idonta yana kan ƙofa. Da ya hau allura ya zauna a harɗe, sai babban yatsanta ya juya shi ya miƙe. Na biyu ma haka. Da biyar ɗin suka miƙe, sai suka ƙi jituwa da 'yan uwansu na layin. Hannu ya bi layin ya kwance shi. Na ƙasansa ma a harɗe yake.

Hannun da ya yi shekara hamsin yana abu ba ya neman izinin mai shi. Malama tana can bakin ƙofa da dukan ranta, tana cewa na yi kuskure, Auta, ni ce mai laifi, tana gwada yadda za ta faɗa ba tare da murya ta karye ba. A cinyarta kuwa allurai sun zare, jan zare yana fitowa a lanƙwashe, sululu, layi bayan layi, hannun dama yana ja, na hagu yana naɗewa.

Hasken tagogin sama ya fara dushewa. Masu tebura suka fara haɗa kaya, ana jin ƙarar kwali da jan kujeru. Mai madubai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kifewa. Matar ɗanta ba ta dawo ba.

Wayar mai tukwane ta yi ƙara. Ta duba, ta saci kallon Malama, ta matsa bayan wani ginshiƙi. Malama ta gani. Ta gyara zama, ta gyara mayafi. Ba ta jin abin da ake cewa, ta dai ga mai tukwane tana gyaɗa kai tana murmushi, sannan ta ga ta leƙo ta dube ta, ta daɗe tana dubawa, murmushin ya bar fuskarta. Ta faɗi wata gajeriyar magana a wayar. Ta saurara. Ta sauke wayar daga kunne tana kallon ta.

Da ta dawo ba ta dubi Malama ba. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin teburin Auta, ta fara zuba huluna a ciki.

"Ita ce?" in ji Malama.

"Ita ce."

"Tana ina? Tana zuwa?"

"Ta ce in kwashe mata kayan, za ta aiko a karɓa."

"Ban gane ba. Kin gaya mata ina nan?"

Mai tukwane ta ajiye kwalin. Idonta ya kawo ruwa. "Mama, ashe ba inda ta je. Tana nan bayan sito, tsakanin motocin kaya, fiye da awa ɗaya tana tsaye cikin yayyafi. Ta ce sau uku tana zuwa bakin ƙofa tana komawa. Ta ce yanzu kam ta yanke shawara za ta shigo, so take kawai ta ji ko kina nan. Na ce kina nan, a kujerarta ma kike, har kina taya ta aiki. Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa."

"To?"

"Sai ta ce, duba min, saƙawa take ko warwarewa?"

Sai a lokacin Malama ta dubi cinyarta.

Gaban 'yar rigar ya tafi, saura bakin ƙasa da bai fi faɗin yatsa uku ba. A hannunta na hagu curin jan zare ne, zagayayye, an naɗe shi tsaf.

"Me kika ce mata?"

"Ni ban iya ƙarya ba, Mama. Kuma ban san ana ƙarya a kan irin wannan ba."

"Sai ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba. Na ji ta tsayar da mota, na ji an rufe ƙofa. Sai wayar ta mutu."

Malama ta so ta ce ba da gangan ba ne, madaukai biyar kawai ta so ta tsince, amma wa za ta gaya wa? Baƙin cikin da ya taso mata ya fi na ranar da Auta ta fita da jaka, don a ranar tana da wanda za ta ɗora wa laifi.

"Sake kira," ta ce. "Ki ce mata zan mayar. Yadda take yi zan yi, ba za ta gane an taɓa ba."

Mai tukwane ta kira. Wayar a kashe take.

Malama ta tattara madaukan da suka rage a kan allura. Ta san kuskuren sarai, ta fi kowa saninsa, ta yi shekaru tana nuna shi a allo tana cewa kada a yi haka. Zare ta baya, ba ta gaba ba. Ta zura allura, ta kai zaren ta baya, amma kafin ta jawo shi yatsanta ya riga ya kewayo da shi ta gaba. Madaukin ya fito a miƙe. Ta kwance, ta sake.

Matar ɗanta ta shigo a jiƙe, tana haki. "Mama, na duba ko'ina, har cikin tasha. Ban ga mai kama da ita ba." Ta dubi mai tukwane, ta dubi kwalin.

Mai gadi ya fara kashe fitilu daga wancan ƙarshen, layi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa jama'a a yi haƙuri lokaci ya yi.

"Mama, mu tafi," in ji matar ɗanta a hankali. "Za a rufe."

"Ki bari. Yanzu zan iya."

Ta matso da aikin kusa da idonta. Ta riƙe yatsan da ɗaya hannun, ta tilasta masa, tana faɗa a fili kamar mai koya wa 'yar aji ɗaya, ta baya, ta baya, ta baya. Ta yi layi guda cur a haka, hawaye yana ɗiga a kan ulun. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga shi zuwa ga fitilar da ta rage, ta bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan, tana neman ko madauki ɗaya da ya harɗe.

Babu. Layin ya fito sumul, a miƙe, ba inda za a ce ga laifinsa.